Hannun Gem Mai Zamewa da Batun Cin Tarar Kamfanoni

Na taɓa ganin wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya ajiye hannun gem ɗinsa, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan bidiyo, a kan tebur, ya ja da baya, ya harɗe hannayensa a ƙirji, sannan ya kira mahaifinsa ya ce ya zo ya dubi allo. Babu yatsan kowa a kan na'urar, amma ɗan mutumin da ke cikin wasan yana ta tafiya hagu a hankali, har ya kai bakin wani tsauni ya faɗa. Yaron ya yi haka ne don ya wanke kansa, domin kwana biyu kafin nan an yi masa faɗa cewa shi ne yake yar da abin a ƙasa, shi ne yake danna shi da ƙarfi, shi ne kuma ba ya wanke hannu kafin ya ɗauka. Mahaifin ya duba, ya girgiza kai, ya maimaita faɗan, daga baya ya sayo sabo. Ba a rufa shekara ba sabon ma ya fara irin wannan tafiya. Sai a lokacin aka fara tunanin ko matsalar daga masana'anta ta taho, alhali kuɗi ya riga ya fita sau biyu, kuma babu wanda ya koma ya ba yaron haƙuri.

Abin da na gani a ranar shi ne ya sa ba na cikin masu taɓe baki idan aka ce wata hukuma ta tasa wani babban kamfani a gaba a kan hannun gem. Na san akwai masu ganin cewa hukumomin gwamnati suna da ayyukan da suka fi wannan nauyi, kuma zan dawo kan maganarsu. Ra'ayina dai shi ne kamfanin da ya san kayansa yana da aibi, ya ci gaba da sayar da shi bai faɗa ba, ya bar mai saye yana zargin kansa ko ɗansa yana kuma sake biya, ya cancanci a ci tararsa, kuma tara mai zafi. Sai dai ina ganin tarar da ta zo bayan shekaru, wadda ba ta kai cikin cokalin ribar da aka ci ba, ta kuma shige baitulmalin gwamnati ba tare da wanda aka cuta ya ga ko sisi ba, ba ta biya bukatar da aka kafa hukumar dominta ba.

Ya kamata a fara sanin abin da ke lalacewa, domin a nan ne gardamar take. A ƙarƙashin 'yar sandar nan da ake juyawa da babban yatsa akwai wasu ƙananan ƙarafa da ke gogar wata siririyar shimfiɗa mai ɗaukar lantarki. Duk inda sandar ta karkata sai ƙarfen ya zame a kan shimfiɗar, ƙarfin lantarkin da ke wucewa ya sauya, na'ura kuma ta fahimci cewa mai wasa yana son zuwa dama ko hagu, gaba ko baya. Da yake gogayya ce, kowane juyi yana ɗan kankare shimfiɗar, ɓurɓushinta ya taru a ciki, ƙura ta shiga ta haɗu da shi, ɗan ƙarfen da ke mayar da sandar tsakiya shi ma ya fara saki. Daga nan sai na'ura ta riƙa karanta motsi a inda babu motsi. Wannan ita ce matsalar zamewa, kuma duk injiniyan da ya zaɓi wannan fasaha ya san da ita tun kafin a ƙera ko guda ɗaya. A shekarar 2021 masana gyaran na'urori na iFixit sun buɗe hannun PlayStation 5, suka tarar da cewa kamfanin Alps da ke ƙera wannan ɓangare ya rubuta a takardar bayaninsa cewa an yi shi ne don ya jure juyi miliyan 2. Da suka ƙididdige yawan juyin da ɗan wasa yake yi a minti ɗaya a wasa mai sauri, sai suka kiyasta cewa adadin yana iya ƙarewa cikin kimanin awa 400, wato wajen wata bakwai ga mai wasan awa biyu a kullum.

Labarin da ya fi fito da matsalar fili shi ne na Nintendo. Kamfanin ya fitar da na'urarsa Switch a watan Maris na 2017 tare da ƙananan hannayenta masu suna Joy-Con, kuma ba a jima ba koke-koke suka fara yawaita. A watan Yulin 2019 aka shigar da ƙarar taron dangi, wato ƙara ɗaya a madadin masu saye da yawa, a kansa a Amurka, kuma a cikin wannan watan ne rahotanni suka fito cewa ya umarci ma'aikatansa na can da su riƙa gyara hannayen kyauta ko da garantinsu ya ƙare. A Faransa, ƙungiyar kare masu saye ta UFC-Que Choisir ta ja kunnen kamfanin a ƙarshen 2019, sannan a watan Satumban 2020 ta kai ƙararsa gaban mai gabatar da ƙara na birnin Nanterre bisa zargin gajarta rayuwar kaya da gangan, bayan binciken ƙwararrun da ta sa aka yi ya nuna cewa sassan lantarkin suna cinyewa da wuri, kuma murfin ba ya hana ƙura shiga. Kafin nan, a watan Yunin 2020, shugaban kamfanin Shuntaro Furukawa ya nemi afuwar masu saye a taron masu hannun jari, amma bai zurfafa ba saboda shari'ar da ke gudana a Amurka. A watan Janairun 2021 gamayyar ƙungiyoyin masu saye ta Turai, BEUC, ta kai wa Hukumar Tarayyar Turai koke ɗauke da ƙorafi kusan 25,000, inda ta ce a kashi 88 cikin ɗari na waɗannan ƙorafe-ƙorafe hannun ya lalace ne cikin shekara biyu na farko. A Birtaniya ma ƙungiyar Which? ta ce biyu cikin biyar na masu na'urar da ta tambaya a 2022 sun gamu da matsalar. Sai a watan Afrilun 2023 ne Hukumar Tarayyar Turai ta sanar da cewa Nintendo ya amince zai gyara duk hannun da ya zame kyauta a ƙasashen yankin, ko da wa'adin garanti na shekara biyu ya wuce. Wannan yarjejeniya ta gyara ce zalla, babu tara a cikinta.

A dubi tsawon lokacin. Daga Maris 2017 zuwa Afrilun 2023 shekara shida ce, kuma na'urar da ake magana a kanta an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya. A waɗannan shekarun hannayen Joy-Con guda biyu suna kai wa kusan dala 80 a Amurka. Ko da ɗan ƙaramin kaso ne na masu saye suka haƙura suka sayi sabo maimakon su nemi gyara, ana maganar miliyoyin mutane ne, kuma kowane sabon hannu da suka saya ciniki ne ga kamfanin da ya ƙera wanda ya lalace. Nan ne zuciyar al'amarin take a ganina. A yawancin sana'o'i, idan kayanka ya lalace da wuri kai ne da asara, domin mai saye zai koma wurin wani. A harkar gem kuwa wanda ya riga ya sayi na'ura, ya tara wasanninta na kuɗi masu yawa, ya ɗaure kansa da kamfanin, ba zai watsar da su duka saboda 'yar sanda ba. Zai koma ya sayi wani hannu daga wurin wanda ya sayar masa da na farko. Ma'ana, aibin yana kawo wa kamfani kuɗi a maimakon ya ci masa kuɗi, kuma muddin haka lissafin yake babu wani dalili na kasuwa da zai sa ya yi gaggawar gyarawa. Aikin tara shi ne ta juya wannan lissafi.

Kamfanonin suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. A wata hira da Nintendo ya wallafa a 2021, ɗaya daga cikin manyan injiniyoyinsa, Ko Shiota, ya kwatanta sandar da tayar mota, wadda dole ta riƙa cinyewa muddin tana gogar titi, ya kuma ce suna ta inganta ta tun fitowarta. Gaskiya ne babu abin da ɗan Adam ya ƙera da ba ya tsufa, kuma hukumar da za ta ci tarar kamfani don kawai kayansa ya tsufa ta yi zalunci. Amma kwatancen da kansa yana tona inda gizo ke saƙa. Mai sayen taya ya san taya abin sauyawa ce, yana iya duban zanenta ya ga yadda ta cinye, akwai kamfanoni da dama da ke ƙera wadda za ta shiga motarsa, kuma kowane mai faci yana iya cire ta ya saka wata. Mai sayen hannun gem ba a gaya masa cewa sandar abin sauyawa ce ba, ba ya iya ganin cikinta, sukurorin da aka ɗaure ta da su sau da yawa suna bukatar sukudireba ta musamman, kuma a wasu hannayen an like ɓangaren ne da dalma a jikin allon lantarki. A na'urar Switch Lite da ta fito a 2019 ma sandar a jikin na'urar take, ta yadda idan ta zame na'urar ce gaba ɗaya za ta tafi gyara. Idan da gaske taya ce, to a sayar da ita yadda ake sayar da taya, a faɗi tsawon rayuwarta a kuma sauƙaƙa sauya ta.

Akwai kuma wata fasahar da ba ta bukatar gogayya, kuma ba sabuwa ba ce. Ana sanya ɗan maganaɗisu a gindin sandar, a sa wani ma'auni kusa da shi ya riƙa karanta motsinsa ba tare da sun taɓa juna ba, bisa wata ƙa'idar kimiyya da Edwin Hall ya gano tun 1879. Kamfanin Sega ya yi amfani da ita a hannun na'urarsa Dreamcast da ta fito a 1998, kuma a yau ƙananan kamfanoni suna sayar da irin wannan sanda ga masu son cire ta asali su saka ta. Ba na cewa hukuma ta tilasta wa injiniyoyi wata fasaha takamaimai, domin wannan ba hurumin hukuma ba ne, kuma kowace fasaha tana da nata cikas ta fuskar kuɗi ko girma ko cin batir. Abin da nake cewa shi ne kamfani ba zai fake da cewa babu yadda zai yi ba. Zaɓi ya yi, yana da damar yin zaɓin, amma ba shi da damar ɗora wa mai saye kuɗin zaɓin a ɓoye.

Ta fuskar doka, Faransa ce ta fi kowa nisa. A 2015 ta mayar da gajarta rayuwar kaya da gangan laifi, mai hukuncin ɗaurin shekara biyu da tarar Yuro 300,000, wadda ana iya ɗaga ta zuwa kashi 5 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara. Matsalar wannan doka ita ce kalmar "da gangan", domin tabbatar da niyya a gaban alƙali abu ne mai wuya, musamman idan takardun da za su nuna niyyar suna kulle a ofishin wanda ake ƙara. Shi ya sa darasin da ke cikin shari'ar Apple yake da muhimmanci ga batun hannun gem. A watan Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da ha'incin kasuwanci ta Faransa ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 25 dangane da rage saurin tsofaffin wayoyin iPhone, kuma laifin da aka kama shi da shi shi ne rashin sanar da masu wayoyin cewa sabunta manhajar zai iya rage musu sauri. Kafin nan, a watan Oktoban 2018, hukumar Italiya ta ci Apple tarar Yuro miliyan 10, Samsung kuma miliyan 5, a kan makamancin wannan batu. Ina ganin wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa kuma ta fi adalci. Hukuma ba ta bukatar shiga zuciyar injiniya ta gano abin da ya ƙudurta. Ya isa ta tambayi kamfani ranar da ya fara samun koke, da yawan hannayen da aka dawo masa da su, da abin da gwaje-gwajensa suka nuna, sannan ta ɗora waɗannan a kan abin da ya gaya wa jama'a a daidai wannan lokaci. Tazarar da ke tsakanin ranar da ya sani da ranar da ya faɗa ita ce ma'aunin laifinsa. Ɓoye aibin kaya ha'inci ne a duk inda ake ciniki, ko kayan ƙarami ne ko babba.

Wani zai ce me ya sa ba za a bar wanda aka cuta ya nemi haƙƙinsa da kansa a kotu ba. Abin da ya faru a Amurka ya amsa wannan tambaya. An kai ƙarar Nintendo, an kai ƙarar Microsoft a 2020 a kan hannayen Xbox, an kai ƙarar Sony a 2021 a kan DualSense, hannun PlayStation 5, amma sau da yawa kamfanonin sukan nuna wa alƙali doguwar yarjejeniyar nan da ke bayyana a allo ranar da aka fara kunna na'ura, wadda kusan kowa yake danna amincewa da ita bai karanta ba. A cikinta akwai sharaɗin cewa mai saye ya yafe damarsa ta shiga ƙarar taron dangi, kuma duk saɓani za a warware shi ne ta zaman sasanci, mutum ɗaya da kamfani, a bayan labule. Da wannan sharaɗi aka janye ƙarar farko ta Nintendo da ta Microsoft daga gaban kotu. Har wasu iyaye sun gwada shigar da ƙara da sunan 'ya'yansu, bisa hujjar cewa yaro ba ya ƙulla yarjejeniya, amma a 2022 wani alƙali a California ya yanke cewa iyayen ne masu na'urar, kuma sharaɗin ya hau kansu. Babu mai hankalin da zai ɗauki lauya a kan kayan dala 80. Cutar da aka rarraba ƙanana-ƙanana a kan miliyoyin mutane ba ta da mai ɗaukar ta shi kaɗai, kuma saboda irin ta ne aka kafa hukumomin kare masu saye.

Inda nake rabuwa da masu murna da kowace tara shi ne wajen girmanta. Cinikin Apple a shekarar kuɗinsa ta 2019 ya kai kimanin dala biliyan 260, wanda idan aka raba shi zai ba da wajen dala miliyan 30 a kowace awa. Tarar Yuro miliyan 25 ke nan ba ta kai cinikin awa guda ba. Nintendo bai kai Apple girma ba, amma a shekarar da ta ƙare a Maris 2021 ya samu ribar da ta kai kimanin Yen biliyan 480. Kamfani mai irin wannan ƙarfi yana iya kallon ƙaramar tara kamar kuɗin haya ko na lantarki, ya sanya ta a kasafin shekara ya ci gaba da harkarsa. Dokoki sun fara gane haka. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2019 ta ce a laifukan da suka shafi masu saye a ƙasashe da dama, ƙololuwar tara kada ta gaza kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara a ƙasashen da abin ya shafa, Birtaniya kuma ta yi doka a 2024 da ta ba hukumarta ikon cin tara har kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya. Ikon yana nan a rubuce, saura ƙarfin halin amfani da shi. A ganina lissafin ya kamata ya fara ne daga kuɗin da kamfani ya tara ta hanyar sayar da hannayen maye gurbi a tsawon shekarun da ya yi shiru, sannan a ɗora wani abu a kai, domin idan tara ta gaza wannan adadi to shirun ya riga ya biya kansa.

Tara mafi kusa da batun hannun gem da Faransa ta ci a 2023 ta fito ne ta wata kusurwa dabam, kuma tana da alaƙa da abin da nake faɗa. A watan Disamba na shekarar hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta ci Sony tarar Yuro miliyan 13.5, bayan koken wani kamfanin Faransa mai suna Subsonic. Hukumar ta gano cewa tun daga 2015 Sony ya sanya wasu matakai da suka riƙa katse hannayen PlayStation 4 waɗanda ba nasa ba kuma ba su da lasisinsa a duk lokacin da aka sabunta manhajar na'urar, da sunan yaƙi da jabu, sannan ya bar sharuɗɗan samun lasisin a duhu. Wannan shari'a ba ta zamewa ba ce, amma ƙofa ɗaya suke tsarewa. Mutumin da hannunsa ya lalace yana da hanyoyi uku, ko ya gyara, ko ya sayi na wani kamfani, ko ya koma ga na asali. Idan aka wahalar da gyara, aka kuma sa na wasu kamfanoni ya riƙa katsewa, hanya ɗaya ce ta rage masa. Saboda haka hukumar kare masu saye da hukumar gasar kasuwanci aiki ɗaya suke yi a nan, ko da kowace tana da dokarta.

Sai batun inda kuɗin yake tafiya, wanda shi ne ya fi damuna. Tara tana shiga asusun gwamnati ne. Mutumin da ya sayi hannu na biyu da na uku, ya jefar da tsofaffin a shara domin bai san suna da wani amfani ba, ba ya samun komai daga tarar, kuma gyara kyauta ma ba ya amfanarsa tunda babu abin da zai kai a gyara. Waɗanda suka fi cutuwa su ne waɗanda suka fi saurin yarda cewa laifinsu ne. Don haka ina ganin duk hukuncin da za a yanke ya kamata ya zo tare da umarnin mayar wa mutane kuɗin da suka kashe, ta hanya mai sauƙi wadda ba ta neman rasit ɗin da ya shekara biyar, da umarnin sanar da jama'a a inda za su gani. Wannan na ƙarshe ba wuya gare shi ba, domin na'urorin nan suna haɗe da intanet, kuma kamfanin da yake iya aiko wa kowa tallar sabon wasa a allonsa yana iya aiko masa da sanarwar cewa hannunsa yana da matsala kuma gyara kyauta ne. A shari'ar Apple an tilasta wa kamfanin sanya sanarwa a shafinsa na Faransa har tsawon wata guda, kuma ina kyautata zaton irin wannan yana taɓa kamfani fiye da kuɗin. Akwai kuma rashin daidaiton da ba a cika magana a kansa ba, wato alƙawarin 2023 ya tsaya ne a iyakar ƙasashen da hukumominsu suka matsa, alhali hannun da ake sayarwa a ko'ina daga masana'anta ɗaya yake fitowa. Sai dai idan tara ta yi zafin da ya sa aka sauya ƙirar kayan tun daga tushe, to amfaninta zai kai har ga wanda ƙasarsa ba ta taɓa buɗe bincike ba.

Masu cewa kamfani zai ɗora tarar a kan farashi suna da 'yar gaskiya, amma mai saye ya riga ya saba biyan wannan kuɗi a ɓoye ta hanyar sayen abu sau biyu, kuma gara ya gan shi a fili a jikin farashi ya yanke shawara. Masu cewa abin wasa ne kawai kuwa ina roƙon su sake dubawa. Ga mai wata nakasa da ya daidaita hannunsa da yadda jikinsa yake iya motsi, lalacewar sanda tana nufin rufe masa ƙofar wani abu da yake yi tare da abokansa. Ga iyalin da suka yi watanni suna tara kuɗi don su faranta wa yaro rai, dala 80 ba ƙaramin abu ba ne. Kowane hannu da aka jefar kuma yana ɗauke da batir da allon lantarki da roba, yana ƙaruwa a kan tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an samar a 2022, wanda bai kai kashi ɗaya cikin huɗu nasa aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata ba. Bayan wannan duka, ƙa'idar da aka kafa a kan ƙaramin kaya ita ce za ta yi aiki gobe a kan firiji da waya da mota, domin kamfanoni suna lura da abin da aka ƙyale wa junansu.

A watan Yunin 2025 Nintendo ya fitar da Switch 2, kuma tun kafin fitowarta wani jami'insa a Amurka ya tabbatar da cewa sabbin hannayen ba su yi amfani da fasahar maganaɗisun nan ba, ko da yake ya ce an sake ƙera su daga tushe. Mai yiwuwa sun fi na da ƙarko, kuma ina fatan haka ne. Amma mai saye ba shi da hanyar sani sai ya biya ya yi amfani da su na tsawon watanni, kuma wannan shi ne giɓin da nake so hukumomi su cike tun kafin a kai ga maganar tara. Faransa ta riga ta tilasta rubuta makin sauƙin gyara a jikin wayoyi da kwamfutoci da wasu kayan gida tun daga Janairun 2021, saboda haka tsarin ba baƙo ba ne. Kamfanin da ke ƙera sandar yana rubuta adadin juyin da za ta jure a takardarsa, kamfanin da ke ƙera hannun yana karanta wannan adadi kafin ya yi oda, sannan yana da sakamakon nasa gwajin a ajiye. A cikin dukan masu hannu a cinikin, wanda zai fitar da kuɗi daga aljihunsa ne kaɗai ba a nuna wa lambar ba. A sa doka ta ce a buga ta a jikin kwali, kusa da farashi, tare da kuɗin sauya sandar da inda ake sauya ta, sannan duk kamfanin da ya buga lambar da gwajinsa bai nuna ba a ci tararsa daidai da abin da ya samu.